Shekarar da Aka Leƙa Cikin Kaina

Na ji maganar da ke yawo a tsakaninku, 'ya'yana, wai Binta ce ta ɗauke ni ta kai wa likitoci suka yi gwaji da ni, har sana'ata ta mutu. Musa, na san kai ne ka fi riƙe wannan maganar, kuma na san ƙauna ce ta sa ka riƙe ta. To, ba haka aka yi ba. Tunda hannuna ya daina shiri da biro, na roƙi maƙwabcinmu Malam Idi, malamin firamare, ya zauna ina faɗa yana rubutawa, don kada wani ya ce ƙanwarku ce ta gyara zancen. Ku karanta a tsanake. In kun zo wurin dariya ku yi abinku, ni ma na yi tawa.

Ni Iro wanzami, a Gubuchi aka haife ni, a hannun babana na gaji zabira. Aski, ƙaho, cire beli, kaciya, askin suna, babu wanda ban yi ba tun ina saurayi. Ranar kasuwar Makarfi rumfata tana kusa da masu mazarƙwaila, ƙudan zuma na ta shawagi a kanmu, mutum na zaune a gabana ya miƙa mini wuyansa har ya yi gyangyaɗi. Akwai dattawan da ke tasowa tun daga Kudan su wuce wanzamai nawa a hanya, su ce sai askar Iro. Ba yabon kai nake ba, ku tambayi duk wanda ya girme ku a unguwa.

Ciwo ne ya fara zuwa, kafin rawar hannu. Kafaɗata ta hagu ta riƙa yi mini wani irin nauyi, kamar an ɗaura mini buhun taki an manta da shi. Daga baya ya gangaro baya, ya sauka tafin ƙafa, can kuma zafi yake yi kamar na taka toka mai wuta. Na sa ƙanena Sale, wanda muke sana'a tare, ya yi mini ƙaho har bayana ya cika da shaida, babu sauƙi. Na sha jiƙo, na sha na kanti. Ban faɗa wa kowa girman abin ba. Mutumin da ya yi shekaru yana ce wa yara namiji ba ya kuka, da wane baki zai ce kafaɗa ta dame shi? Sai ga hannun hagu ya kama rawa. In ina zaune ba na komai, babban yatsa da manuni su riƙa murza juna kamar mai jan carbi. Har wani dattijo a masallaci ya ce wa mutane:

"Ku dubi Iro, Allah Ya yi masa baiwa. Hannunsa ma tasbihi yake ba carbi."

Na ce amin, na tura hannun cikin aljihu.

Binta ce ta gane. A lokacin tana aikin jinya a Ikara, ta zo gida da Babbar Salla, ta zauna a bakin ɗakin innarku tana kallona ina ratsa tsakar gida. Da na dawo ta gaishe ni, ta ce:

"Baba, tun yaushe kake tafiya kana jan ƙafa haka? Hannunka ɗaya ma ba ya lilo."

"Tsufa ne," na ce.

"Baba Sale ba yaro ba ne shi ma, amma ba haka yake tafiya ba. Don Allah ka bari mu je Zariya."

Muka je. Likitar mace ce, ba ta kai Binta tsawo ba, ga fara'a. Ta sa na yi ta tafiya a ofishinta, na buɗe hannu na rufe, na taɓa hanci, kamar mai koyon rawa. Ta ce ciwon karkarwa ne, wanda su a bakinsu suke kira Fakinsin. Ta ce a can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani wuri da ke samar da abin da ke sa jiki ya motsa cikin laushi, to wurin ne ya fara gajiya. Ba a warkewa, amma akwai magani mai sassautawa. Maganin kuwa ya yi aiki. In na sha, bayan ɗan lokaci sai jikina ya sake kamar an zuba wa keke mai. Daga ranar na bar wa Sale kaciya da askin jarirai, na ce wa mutane idona ne ya rage. Askin manya kuwa na ci gaba da shi, ina auna lokacin da maganin ya kama ni sosai sannan in buɗe zabira, kuma hannun dama da ke riƙe aska lafiyarsa lau. Bayan mutanen gidanmu babu wanda ya san komai. Haka muka yi rani guda lafiya.

Da damina ta faɗi na koma ganin likita. Bayan ta gama dubawa ta ajiye biro ta tambaye ni ko jikina na ciwo. Na ce kaɗan-kaɗan. Ta yi murmushi ta ce duk dattijon da ya ce mata kaɗan-kaɗan, ta san abin ya kai. Sannan ta yi mini bayani. Ta ce masu irin ciwona da yawa ciwon jiki ya fi damun su fiye da rawar hannu, amma kowa rawar yake gani, har likitoci ma wani lokaci ita suke bi. A ɗauki hoton kafaɗa a ga ƙashi lafiya, sai a ce wa mutum sanyi ne. Ita da abokan aikinta suna zargin cewa yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon ciwo ne ya sauya, har ƙaramin abu ya zame wa mutum babba. Suna neman masu ciwon da za su yarda a sa su a wata na'ura a Kano, a ɗora musu ɗan zafi a hannu, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a daidai lokacin da take jin zafin.

"Baba, zan faɗa maka gaskiya," in ji ta. "Wannan ba magani ba ne. Ba zai warkar da kai ba, wataƙila ma na bayanka ne za su ci amfaninsa. Kuma sai ka bar shan maganinka tun daga yammacin jajiberin ranar gwajin, don mu ga yadda kan yake ba magani, sannan mu ba ka mu sake dubawa. Za ka sha wuya a safiyar. In ka ce a'a, ba abin da zai canja tsakanina da kai."

Na ce, "Likita, wato ciwo ana iya ganinsa?"

"Ana iya ganin sawunsa," ta ce.

Tun a mota maganar ta ƙi barina. Ku fahimce ni. Tun ina ɗan saurayi nake kafa wa mutane ƙaho, su ce nan ne, in tsaga in ja, su ce sun ji sauƙi. Na yi ta fama da ciwo a jikin mutane duk tsawon rayuwata, ban taɓa ganin ko ƙeyarsa ba. Yanzu ga wata ta ce a zo a nuna mini inda yake bi. Mafarauci ne aka ce masa ga inda naman ke shan ruwa.

Da na kawo maganar gida, bayan la'asar aka taru a tsakar gida. Musa ya dawo daga kai tumatir, ko wanka bai yi ba, ya tsuguna ya ce:

"Baba, ka yi haƙuri, amma ni ban yarda ba. Su da bakinsu sun ce ba magani ba ne. To don me za a hana ka maganinka a tura ka cikin inji? In wani abu ya same ka fa?"

Na juya wajen Binta, don ita ce mai ilimin abin. Ku saurari abin da ta ce, don nan ne inda kuka karkatar da labarin.

"Ni ba zan ce ka je ba, Baba, ba kuma zan ce kar ka je ba. Na'urar ba ta cutarwa, wannan na sani. Amma Yaya Musa ya yi gaskiya, barin maganin zai wahalar da kai. Kuma in mutane suka gan ka a wannan halin, maganar za ta fita. Ka yi tunanin rumfarka."

Ita ce ma ta fara tuna mini da rumfa. Sale ya ce shi dai duk abin da na zaɓa. Innarku tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce:

"Ku bar shi ya je. Shekara nawa ina son in san abin da ke cikin kan nan. In sun buɗe, a tambayar mini su ko akwai wurin da ake ajiye maganar mata, don nasa a toshe yake."

Kowa ya fashe da dariya, har Musa ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na ce to, na yi istihara, zan je. Ni na faɗa, da bakina, a gaban kowa.

Safiyar tafiya ban taɓa ganin irinta ba. Na tashi jikina kamar an zuba mini siminti ya bushe. Alwala ma sai da innarku ta taya ni. Musa, duk da fushinsa, shi ya ce ba wanda zai tuƙa ubansa sai shi, ya kawo motar har ƙofar gida. Na tako a hankali har zaure, ina zuwa bakin ƙofa ƙafafuna suka manne a ƙasa. Ina ce musu ku tafi, sun ƙi. Hannu kuwa ya samu sake, yana ta kaɗawa kamar mai kiran kaji. Ga shi lokacin fita gona ne, mutane na wucewa da fartanya a kafaɗa, mata na tura yara kai niƙa. Duk aka tsaya. Musa da Sale suka kama ni ta hammata suka ɗaga ni kamar buhu suka sa a mota. Na ga fuskokin mutanen da na yi wa aski shekara da shekaru, wasu suna salati, wasu suna shafa wuyansu ba su ma san suna yi ba. A nan na san magana ta ƙare.

A Kano aka karɓe mu da mutunci. Wani ma'aikaci mai ƙiba, mai yawan barkwanci, ya ce in fitar da duk wani ƙarfe da ke jikina, don na'urar tana da maganaɗisu mai ƙarfi. Na ba da agogo da zobe. Ya ce saura. Na ba da makulli. Ya ce saura. Na zaro 'yar askar da ba na rabuwa da ita daga aljihun ciki, sai ya ja da baya ya ce:

"Baba, hoto muka ce za mu ɗauka, ba faɗa ba."

Na'urar kamar kwalbatin titi take, fara fes, da ɗan gado da ke shiga cikinta. Aka kwantar da ni, aka toshe mini kunne, aka tallafe kaina da matasai don kada ya motsa, aka ɗaura mini wani abu kamar akwatin ashana a damtsen hannu. Aka ce zai riƙa yin zafi yana hucewa, ba zai ƙona ni ba, kuma duk sanda ya huce in nuna yawan zafin da na ji da wani ɗan maɓalli, daga babu har zuwa goma. Aka ba ni wata roba a ɗaya hannun, in na gaji in matsa a fito da ni. Gadon ya ja ni ciki. Sai ƙara ta tashi, kamar an kunna injin matse rake a cikin kunnena ana kuma buga tukunya a gefe. Na yi ta karanta abin da na iya.

Zafin farko ya zo. Wallahi na ji shi har ƙeya. Amma da aka ce in nuna, sai na tuna ni wane ne, na nuna biyu. Na biyu ya fi na farko, na ce biyu. Na uku sai da hawaye ya gangaro mini cikin kunne, na ce to a ba shi uku, kada a ce na cika taurin kai. Can sai ƙarar ta tsaya, gadon ya fito da ni, na ga likitata tsaye a kaina ta riƙe ƙugu.

"Baba, biyu?"

"Biyu, likita. Injin ne ya ce ba haka ba?"

"Injin bai ce komai ba tukuna. Yatsun ƙafarka ne suka faɗa. Muna kallonsu ta gilashi, duk sanda zafin ya zo sai su dunƙule kamar za su yi dambe."

Mai ƙibar nan ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Likita ta jawo kujera ta zauna daidai kaina, ta rage murya.

"Baba, hoton nan ba ya sanin abin da ka ji. Haske kawai yake nuna mana. Kai kaɗai ka san zafin. In ka ɓoye, to mun ɗauki hoton banza, ka bar maganinka a banza, an ɗauko ka daga Gubuchi a banza. A nan ba jarumi muke nema ba, mai ba da shaida muke nema."

Maganar shaida ta shige ni. Na ce a mayar da ni. Da zafin ya dawo na ba shi bakwai ɗinsa cif, wani ma takwas. Ban taɓa faɗa wa wani ɗan Adam cewa abu ya yi mini zafi haka ba, sai ga shi na faɗa wa maɓalli, kuma sama ba ta faɗo ba. Bayan nan aka ba ni maganina, aka ba ni shayi da burodi, muka jira jikina ya sake, aka sake mayar da ni. Zafi iri ɗaya suka ɗora, in ji su, amma a wannan karon ya yi mini sauƙi, na kuma faɗi gaskiyar hakan. Da na fito da ƙafata ina tafiya, na tarar da Musa a baranda ya haɗa kai da gwiwa. Ya miƙe ya dube ni sama da ƙasa, ya ce:

"Baba, ka gane ni?"

Na ce, "Na gane ka. Kai ne direban da ke faɗa wa kowane rami a hanyar Kano."

Sai da aka fara cin sabuwar masara sannan likita ta kira mu Zariya ta nuna mana. Innarku ta ce ba za a bar ta a baya ba. A fuskar kwamfuta na ga kaina an yanka shi kamar kabewa, abin cikin kuwa kamar ƙullin hanji. A hoton farko, na lokacin da ba magani, wasu wurare sun yi ja da rawaya kamar an hura gawayi. A na biyu wutar ta lafa, sai ɗan ja nan da can. Likita ta ce kada in ɗauka hoton mutum ɗaya ya yanke hukunci, sai sun haɗa na mutane da yawa, masu ciwon da marasa shi, sannan za su iya cewa wani abu. Amma ta ce abin da na gani ya yi daidai da abin da na faɗa da bakina, kuma ciwon da nake ji ba raki ba ne, ba kuma sanyi ba ne, cikin cutar yake. Na daɗe ina kallon jan nan. Na ce a raina, ashe kai ne. Innarku ta matso da fuskarta dab da gilashin ta ce:

"Likita, duk wannan wutar shi kaɗai yake ɗauke da ita?"

"Shi kaɗai, Inna."

Ba ta sake cewa komai ba har muka hau mota, abin da ban taɓa gani ba tun da aka kawo ta gidana.

Rumfa kuwa ta tafi kamar yadda Binta ta hango. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi, kowa ya zo ya tsuguna ya yi mini ya jiki, ya yi addu'a, ya tashi da gashinsa. Alhaji Tanko, wani dattijo daga Kudan da na fi shekara ashirin ina yi wa aski, ya zo ya zauna muka yi hira mai tsawo, ya cire hula ya mayar, sannan ya ce shi yanzu ya yanke shawarar tara suma saboda sanyi. Ga shi ko hunturu bai shigo ba, ana ta gumi. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da wuyana ne, da na yi tunani. Da kaka ta yi na kira Sale na miƙa masa zabirar babanmu. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ban ci tuwo ba. Da ban je Kano ba, wataƙila da na ƙara shekara ɗaya ko biyu ina aski a ɓoye. Wataƙila kuma da wata rana hannun dama ya bi na hagu aska na kan maƙogwaron wani. Allah ne Ya san wanda ya fi. Abin da na sani shi ne na ga abin da na je gani, kuma da za a sake tambayata, da na sake hawa motar Musa.

Likita ta gyara mini lokutan shan magani saboda ciwon, ta haɗa ni da masu gashin ƙashi suka koya mini motsa jiki. Ciwon bai tafi ba, amma ya san ina da labarinsa, ni ma na daina yi masa kara. In ya taso sai in ce ya taso. Da farko gidan ya rikice, don ba a saba ba. Daga baya abin ya zama kamar gaisuwa, a ce Baba yau nawa, in ce huɗu, a ce Alhamdu lillahi.

Wata safiya da hantsi ina zaune a tabarma ina shan rana, innarku ta fito da wake a faranti za ta tsince. Ta zo zama sai na ji ta ce wash, ta dafa bango. Na ce lafiya? Ta gyara zani, sannan ta ce:

"Malam, in ana ba gwiwa lamba, tawa ta dama ta kai shida."

"Tun yaushe?"

"Tun goyon Binta."

Na dube ta. Binta a lokacin tana da 'ya'ya biyu. Matar nan ta yi daka, ta yi surfe, ta ɗebo ruwa, ta durƙusa ta ajiye mini abinci duk waɗannan shekarun, ni da nake taƙama da sanin ciwon mutane ban taɓa lura ba. Na ce ta miƙo ƙafar. Ta ce a'a, yara za su shigo. Na ce su shigo. Na ɗauko man zafin da aka ba ni, na lakato, na ɗora hannun hagu a kan gwiwar. Kun san halinsa, yana sauka ya kama aikinsa, kar-kar-kar, ba tare da na sa shi ba. Ta rufe ido ta jingina da bango. Can ta ce:

"Kar ka ɗauke. Ashe dai hannun nan bai yi ritaya ba."

Muka yi ta dariya har kaji suka samu faranti suka cinye rabin waken, ba wanda ya tashi ya kore su.